Tsuyako Ba Ta Tafa Ba

Da haƙoran gefe Kuwabara Tsuyako take gwada shinkafa, don na gaba sun daɗe da yi mata sallama. Kullum da safe a lokacin kaka sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga buhu, ta ɓare ta da farce, ta gartsa. In ta yi ƙas, ta bushe. Yau lotsewa ta yi. A tudun Kamisawa gajimare a cikin gonaki yake kwana, rana ba ta leƙowa sai hantsi, kuma babu shinkafar da ke bushewa sai an kai ta ɗakin injin busarwa na ƙungiyar manoma da ke bakin gada.

Wannan ɗakin ne shugabannin ƙungiyar manoma suka ce za a rufe, kowa ya riƙa kai tasa can gangare, cikin gari. Tsuyako ba ta da mota, ba ta iya tuƙi ba. In an rufe ɗakin, ita da noma sun rabu ke nan.

Tana amarya ta hau tudun nan. Mijinta yakan tafi birni aikin gini, ita ke dashe, ita ke yanka. Amma a kowane gida mutum ɗaya ƙungiya ta sani, shi ne maigida. Ranar babban taro nata aikin zuba shayi ne, tana kallo daga ƙofar madafa. An riga an gama magana tun a gidaje, ana kurɓar giyar shinkafa. Shugaba ya karanta, ya ce a tafa, zaure ya ɗauka kamar ruwan sama a kan kwano. Ba a taɓa ɗaga hannu ba, don a wurinsu wannan tona wa juna asiri ne. Sai da mijin ya rasu wurin zamansa ya zama nata.

Yau da rana ta je babban taron bana. Shugaban yanzu, Hoshikawa Masatoshi, ɗan maƙwabciyarta ne. Ya gama karanta shawarar rufe ɗakin injin, ya ce, "Masu amincewa, a tafa."

Aka tafa. Tsuyako ta ɗora hannuwanta a kan gwiwa, kuma a ƙaramin zaure irin wannan ba wanda bai gani ba.

Tsoho Senzaki, wanda gonarsa ke jikin tata, ya zungure ta, ya gajarta sunanta ya haɗa da "san" na girmamawa. "Tsuya-san, sanyin ƙashi ne ya kama miki hannu?"

"Naka dai lafiya lau, na gani. Jiya kana ƙorafi a bakin gada, yau kana tafi kamar an haifa maka jika."

Shugaba ya yi gyaran murya. "Tunda babu mai ja…"

"Akwai mai ja," in ji Tsuyako.

"Kuwabara-san, ai an zaga gida-gida."

"Ba a zo nawa ba, Masatoshi. Ko don ba na shan giya?"

Dariya ta ɓalle daga baya. Kunnuwan shugaba suka yi ja.

"Haba, Inna. Injin ya tsufa, gyaransa ya fi ƙarfinmu. Ba mugunta ba ce."

"Ban ce kai mugu ba ne. Ni na goye ka, na san halinka. Amma gobe in gonakin tudu suka koma jeji, kowa zai ce ba shi ba ne, zaure ne ya tafa. A ɗaga hannu. Mai son a rufe ya ɗaga in gan shi, shi ma ya gan ni."

Dokar ƙungiya ta ba ta wannan damar. Kowa ya sani, ba dai wanda ya taɓa nema.

Mutanen gangare, masu motoci, su suka fara ɗagawa. Na tudu suka sunkuyar da kai suna kallon tabarma. Hannun Senzaki ya taso har kunne, ya sosa, ya koma cinya. Shugaba ya duba dama, ya duba hagu, ya sake dubawa. Ba su kai rabi ba.

"To," in ji shi, murya a dushe, "bana inji zai yi aiki. Amma kuɗin gyaran, Inna, daga ina?"

"Ban sani ba. Kira mu mu zauna, mu yi ta faɗa har mu gano. Abin da aka tara mu a yi ke nan, ba wasan yara ba."

Ta dafa ƙasa za ta tashi, gwiwoyinta suka yi ƙara. Senzaki ya miƙo mata hannu, ta ture shi. Ta ratsa tsakanin mazan a hankali, suna janye ƙafafu, ta zuge ƙofa, ta fita ta bar ta a buɗe.