Shekarar da Bayan Yaya Ya Riƙe

Sana'ata a Makka ba ta da suna a Hausa. Tsohuwar Ba'indiyar da ta koya mini, wata maƙwabciyarmu a unguwar Tandabawi, yoga take ce mata. Matan unguwa kuwa "miƙar 'yan Hindi" suke cewa, suna dariya. Amma duk mai wankau ɗin da ƙugu ya fara yi wa tsiya, gidanmu take nufowa. Kullum da hantsi nakan shimfiɗa tabarmi a saman gida, mata shida ko bakwai su kwanta, in koya musu jan numfashi a hankali, da lanƙwasawa, da ɗora ƙafafu a jikin bango har jijiyar baya ta saki. Wata ta kawo dabino, wata sabulu, wata godiya kawai. Da haka nake rayuwa wata goma a shekara.

Sauran wata biyun na mosim ne, wato lokacin aikin hajji, kuma ban taɓa jin daɗinsu ba. Allah ya yafe mini, ba ibadar nake ƙi ba. Ɗalibaina ne ke watsewa kaf, kowacce ta duƙa kan daro tun safe har magariba tana wanke kayan alhazai. In na tare ɗaya a lungu na ce ta zo ko na ɗan lokaci, sai ta ce, "Ba'adal mosim, ya ukti," wato sai bayan mosim, 'yar'uwata. Bayan mosim ɗin kuma ta zo mini a tanƙware kamar lauje, wai in gyara.

Ga kuma al'adar gari: ana ba alhazai hayar ɗakuna, masu gida su kwashe komatsai su koma sama. A shekarar da nake ba da labari, mu goma sha ɗaya muka taru a wurin da nake koyarwa. Bango ɗaya murhu ya ci shi, ɗaya ƙunshin kaya, ɗaya kuma manyan randuna uku na ruwa. Bango guda ya rage mini, da filin tabarma ɗaya a gabansa, da ɗaliba ɗaya: Yayata.

Yaya ba don sha'awa take yi ba. Innarmu ta rasu a hanyarmu ta zuwa, a ƙasar Sudan, ba ta ko ga teku ba. A bakin kabarinta Yaya ta yi alkawarin za ta yi mata hajji. Ta yi nata, sai goyo da ciki da wankau suka yi ta tura na Inna gaba, shekara bayan shekara. A wannan shekarar ta ce kalas, ya isa haka, ko da rarrafe sai ta tsaya wa Inna a Arfa. Mu kuwa ba masu raƙumi ba ne, a ƙasa za mu je. Bayanta kuma shekara ashirin na daro sun cinye shi. Abin da ke riƙe da shi kawai shi ne kwanciyar nan ta safe, ƙafafu a bango.

Saura kwana shida a fita Mina, wata dattijuwa Bakana daga cikin 'yan hayarmu ta hawo shanya. Ta ga Yaya kwance, ta dubi bangon, ta dubi inda ya fuskanta, sai ta saki salati.

"Ke 'yar nan! Ɗakin Allah kika miƙe wa ƙafa? Mu da muka yi wata da watanni a hanya don mu gan shi, ku da kuke maƙwabtaka da shi tafin ƙafa kuke nuna masa?"

Gaskiya ce, bangon yana ɓangaren Ka'aba. Sauran watanni bangon randuna muke amfani da shi, cunkoso ne ya mai da mu nan, ni kuma ban ko lura ba. Da na ce haka, da magana ta mutu. Amma ni bakina ba ya jiran hankalina.

"Gwaggo, magani ne, ba raini ba. Jiya kika zo garin nan, yau za ki koya mana alƙibla?"

"Alƙibla ba ta tsufa a gari, 'yata. Mutane ne ke sabawa da ita har su manta."

Ta sauka ta bar mana shanyarta. Kafin azahar maganar ta zagaye ɗakunan ƙasa. Yaya mace ce mai kunya, duk mai hawowa sai ta sunkuyar da kai.

Washegari ta ce mini, "Mu kawar da randunan can, mu koma wancan bango. Aib ne, abin kunya ne, kin sani."

Aikin sa'a ɗaya ne. A juye ruwan a garwa, a mirgina randuna, shi ke nan. Na ƙi. Na ce in na matsar da su yau, na yarda ke nan baƙuwa ta fi ni sanin aikina, gobe kuma wata ta zo ta ce numfashin ma bidi'a ne. Na ce ta kwanta inda ta saba. Ta ce ba za ta ƙara miƙe ƙafa can ba. Na ce to ta zauna. Haushin ɗalibaina da suka gudu, da zafi, da hayaƙin murhu, da rashin wurin juyawa, duk na tattara na sauke a kanta. Kwana biyar ina jira ta ba ni haƙuri, ita kuma tana duƙe kan daro tana ƙarasa wankin mutane.

Ranar fita Mina da safe, ta sunkuya za ta ɗaga daron ƙarshe. Ban ji ƙara ba, na dai ga ta tsaya a haka, hannu biyu a bakin daro, gumi na zuba. Da ƙyar mu uku muka kwantar da ita.

A lokacin ne na kawar da randunan. Ni kaɗai, ina kuka, ruwa na malala. Na gasa mata bayan, na murza da mai, na yi duk abin da Ba'indiya ta koya mini. Ko gwiwa ba ta iya ɗagawa. Ƙasa kuwa ana ta labbaika, gida na ta raguwa. Dattijuwar ma ta hawo da shirinta, ta dafa kan Yaya ta yi mata addu'a, ta juya ta sauka. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce zan zauna da ita. Yaya ta girgiza kai.

"Maƙwabciya za ta duba ni. Tashi ki yi niyya. Ki ce hajjin na Inna ne."

"Yaya, ke kika yi alkawari."

"Na sani. Yalla, yi sauri, kar su bar ki."

Na tafi. Na taka har Mina, na taka har Arfa, bayana ko motsi bai yi ba, kuma ban taɓa tsanar lafiyata irin ta ranar ba. Na tsaya wa Inna har rana ta faɗi. Da na dawo Yaya ta sa na ba ta labari tun daga ƙofar gida, inda muka huta, inda na tsaya, abin da na roƙa. Ta saurara idonta a rufe. Da na gama ta ce alhamdulillahi, Inna ta samu. Sannan ta juya fuska wajen bango, ta ce in ja mata mayafi.