Matar da Take Sa Mu Sammako

"Alhamis, ƙarfe takwas," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Inna, an ce likitan jinin ba ya zuwa sai sha ɗaya. Matata juna biyu gare ta."

"Na gani, ɗana, idona biyu. Takwas na ce. In tausayinta kake ji, ka zo mata da matashi."

Na bar tagar ina cika ina batsewa. Ranar na fara sanin Inna mai kati, wadda za ta yi ritaya ƙarshen watan nan bayan shekara talatin da ɗaya a bayan tagar asibiti. Na ce ban taɓa ganin mai taurin kai irinta ba. Yau na zo in janye maganata a gaban kowa.

Kullum tana riga masu shara isowa. Ta rataye jaka a ƙusa, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta shige tsakanin kantocin fayil. Ba likita ba ce, ba nas ba ce, amma hannunta ya san fayil ɗin da ya sha yawo. Na matata ya je sashen hanci saboda haɓo, ya je na haƙori saboda dasashinta, ya je na mata, ko'ina a ce ba komai. Inna ce ta tattara takardun ta ajiye a teburin likitan jini, wanda sau ɗaya yake zuwa a wata.

A lokacin saura wata huɗu matata ta haihu. Ita da ƙaramin yankan wuƙa ke wuni yana mata zuba, yaya za ta yi da haihuwa? Ko kallon kayan jariri ta daina. Ni kuwa in yi mata murmushi, in koma bayan ƙofa in share ido.

Muka zo takwas, muka tarar da mutum tara a benci suna hira kamar 'yan gida ɗaya. Wata tela ta matsa mata wuri.

"Ke ma haɓo? Zauna, ƙanwata. Haihuwa uku na yi da wannan jinin, kin ga na yi kama da gawa?"

Matata ta yi dariya, irin wadda na yi wata biyu ban ji ba. Kafin likita ya iso ta san abin da za ta tambaya, ta san a kan tanadi magani tun kafin naƙuda. Wani direba mai kumburarriyar gwiwa ya dafa ni ya ce, "Maigida, daina duba agogo. Da gangan Inna take tara mu da wuri. Ni shekara ashirin na yi ina zaton ni kaɗai ne a duniya."

Gwaji ya nuna jininta ba ya daskarewa da wuri, ciwon da ba kasafai ake samu ba. Likita ya rubuta wa ɗakin haihuwa takarda, aka shirya komai. Ranar da ungozoma ta leƙo ta ce uwa da 'ya lafiya, telar nan ce ta riƙe ni don kada in faɗi.

Da na je ba Inna haƙuri, cewa ta yi, "Minti goma likita ke ba mutum. Sauran kwanakin watan fa, wa zai riƙe shi?"

Ke ce kika gane haka, Inna, daga bayan taga. Ke ce kika sha harararmu ba ki taɓa kare kanki ba. Mun gode, uwar marasa dangin ciwo. Allah ya saka miki, ya sa duk mai zama a bayan wata taga ya riƙa ɗago kai ya ga mutum, ba takarda kaɗai ba.

A zamanmu na ƙarshe da ita, direba ya tambayi abin da ke cin kowa: sababbin zuwa fa, wa zai haɗa su da mu? Matata ta gyara goyo ta miƙe.

"Inna, ki bar wa wadda za ta gaje ki lambar wayata. Duk wadda ta zo da irin ciwona, ni zan kira ta, ni zan rako ta."