Salla Goma Tsakanin Montreal da Zango

"Salla nawa ce tsakaninsa da nan?" Inna ta tambaye ni daga gadon jinya, ranar da yayana Habu zai taso daga Montreal.

Ita ba ta lissafi da awa. Na haɗa mata: awa bakwai a jirgi zuwa Faris ta Faransa, kusan shida zuwa Yamai, sannan yini guda a mota kafin Zango, unguwarmu a Damagaram.

"Goma, Inna."

"Goma? To, zan ƙoƙarta."

Bakwai ta samu. Muna dawowa daga maƙabarta bayan la'asar, salla ta takwas, saƙon Habu ya shigo: "Ce wa Inna saura biyu."

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ku da ke nesa, salla nawa ce tsakaninku da gida?