Ɓera a Cikin Takalmina

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, aka tura ni Birnin Gwari aikin malamin daji. Ina saurayi a lokacin, ga kaki, ga keke sabo, ina jin duk itacen da ke gandun dajin nan sai da izinina yake fitar da ganye.

Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa Bagwariya, muna ce mata Iya. Tana da kyanwa baƙa mai farin wuya. Tun ranar da na jefa mata kan kifi ta dawo ƙofata da zama. In na dawo daga daji sai ta tarbe ni da jela a miƙe, ta yi ta goga kai a ƙafata.

Wata rana na kama maƙwabcinmu, wani dattijo manomi, yana saran maɗaci a cikin gandu. Na ƙwace gatarinsa a gaban mutane, har da ɗaga murya. Bai ce komai ba sai, “To, Malam. Allah ya ba mu alheri.”

Kwana uku bayan haka na buɗe ƙofa da safe na tarar da ƙadangare marar kai a kan dokin ƙofa. Na share. Washegari ɓera. Rana ta uku wani ɓeran, an kwantar da shi tsaf kamar da hannu. Ranar da na zura ƙafa a takalmin aiki na ji abu mai laushi, ihun da na yi har awakin Iya sai da suka watse.

Nan take na gama lissafi: dattijon nan ne yake mini sammu. Na daina gaishe shi. In na hango shi sai in karkata keke in bi ta bayan kasuwa. Na sha rubutu har cikina ya fara ƙugi, na rubuta wa shugabana takarda cewa ruwan garin bai karɓe ni ba, a taimaka a sauya mini wuri. Da zazzaɓi ya kwantar da ni kuwa, sai na ce shi ke nan, aiki ya ci.

Ina kwance da hantsi, ƙofa a buɗe, sai ga kyanwar nan ta shigo da ɓera a baki. Wannan da ransa. Ta dire shi gaban gadona, ta ja da baya ta zauna. Ɓera ya yunƙura zai gudu, ta sa hannu ta maido shi gabana, ta ɗago ta dube ni, ta yi ɗan kuka.

Ni kuwa na miƙe tsaye a kan gado ina ƙwala wa Iya kira.

Ta shigo da muciya a hannu, dattijon na biye da ita. Ashe ya zo duba ni ne, har da saiwar magani a ƙunshe. Iya ta dubi ɓera, ta dubi kyanwa, ta dube ni a kan gado, sai dariya har tana dafa bango.

“Sauko, ɗana. Farauta take koya maka,” in ji ta. “Haka take wa 'ya'yanta. Ta fara kawo musu matacce, in sun saba ta kawo mai rai. Wata huɗu kana gidan nan, ba ta taɓa ganin ka kama ko fara ba. Tausayinka take ji.”

Na ce, “Iya, har wanda na samu a takalmi?”

“To ina za ta ajiye maka? Nan ne ya fi warinka.”

Kunya ta sa na faɗi gaskiya. Na ce wa dattijon, “Baba, ka yafe mini. Wallahi kai nake zargi.”

Ya shafa gemu, sannan ya ce, “Malam, ɓeraye sun cinye mini rabin rumbu bana. Da na iya kama su haka kullum, ai da nawa zan fara.”

Da na warke na kai masa gatarinsa har gida, na nuna masa inda doka ta yarda a yi itace. Takardata kuwa, alhamdu lillahi, ba a ko amsa ta ba. Shekara shida na yi a garin, kuma dattijon nan ne ya shige mini gaba wajen neman aure.

Har yau in na ji zuciyata ta fara ƙulla zargin wani, nakan ce mata ta dakata tukuna. Na taɓa yin wata guda ina gudun mutumin kirki saboda ana yi mini alheri da yaren da ban iya ba.

Ita dai kyanwar ba ta fid da rai da wuri ba. Ta ƙara kusan wata biyu tana kawo mini darasi, ni kuma ina kwashewa da tsintsiya. Daga baya ta daina. Takan zauna a bakin ƙofa kawai tana kallona, irin kallon da uwa ke yi wa ɗan da aka kai makaranta ya ƙi karatu.