Harshen Kawu Bitrus

Duk wanda ya taɓa cin Kirsimeti a gidanmu na Tudun Wada ya san ba a buɗe kwano sai Kawu Bitrus ya ɗaure idonsa. Da me? Da ɗankwalin matarsa, Mama Saratu, kore shar mai furanni! Dattijo da furfurarsa zai zauna gindin darbejiya, a jera masa kofuna uku na jan ruwan inabin ƙasar Sifen, ya kaɗa, ya shinshina, ya kurɓa, ya yi ta juya shi a baki kamar mai ciwon haƙori. Mu kuwa yunwa na cinmu, shinkafa na hucewa. Sai ya ga dama zai yanke hukunci: wannan yaro ne, wannan tsoho ne da ya daɗe a gangar katako, wannan kuwa na kwali ne, a ba baƙi.

A samartakarsa ya yi wa wani injiniyan hanya ɗan Sifen aikin kuku. Bature ya koma gida, ya bar masa ƙugiyar buɗe kwalba, da kalma guda, da girman kan da zai ishi unguwa. Abin haushin shi ne ba ya kuskure. Ni 'yar ƙanwarsa ce, ni ke zuba masa tun da na kammala makaranta, kuma ban taɓa kama shi ba.

Ya ce kowane inabi da abokin tafiyarsa. Tsohon sai balangun rago, yaron kuma da masa da miyar taushe. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, miyar kuka fa?" Ya harare ni. "Rifkatu, kada ki haɗa faɗa. Kuka ba ta da aboki sai ruwan randa." Kofunan nasa kuwa ko kaza ba za su ƙosar ba. Ka ce a ƙara maka, ya ce, "Mu nan masu ɗanɗano ne. Mashaya suna can bayan tasha."

Kalmar da Bature ya bar masa ita ce "Salud", wai fatan lafiya. Shekarar da muka tare a gidan, ya ɗaga kofi ya kwarara ta da ƙarfi, "Saluuu!" Sai muka ji daga bayan katanga, "Na'am!" Kafin mu ankara ga maƙwabcinmu Malam Salihu tela a ƙofar gida, tef a wuya.

"Ga ni. Wa ke da ɗinki?"

"Ba kai na kira ba, Malam."

"Haba dattijo, da kunnena na ji sunana."

Kawu ya ce to tunda an zo, a zauna. Malam Salihu ya leƙa kofin ya ja da baya, ya ce shi da wannan sai dai gaisuwa daga nesa. Aka kawo masa zobo. Daga ranar, shekara ashirin da wani abu, da an ce "Salud" zai amsa daga shago, ya zo da bencinsa ya zauna can gefe, yana cin balangu yana yi wa Kawu wa'azi.

Mama Saratu ce ta taɓa shirya masa tarko. Ta dafa zobo mai kauri ba sukari, ta ɗura a kwalbar tsohon inabi, ta ce in zuba masa. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, muna ta danne dariya.

"Wannan inabin," in ji shi, "a nan kusa, a Kagarawal, aka noma shi. Kanumfari ya yi yawa. Kuma na san hannun da ya dafa shi, shekara arba'in yana ƙona mini tuwo."

Mama ta ce, "To gwani, me ake ci da shi?"

Ya ce, "Amana."

Malam Salihu har ya faɗo daga benci, wallahi.

Bayan rasuwar Mama ne ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo. Amma wata rana na mance ban sa gishiri a miya ba, ya cinye tas, ya ce ta yi daɗi. Na tsaya ina kallonsa, shi ma ya gane na gane.

"Harshen ya tafi, Rifkatu," ya ce a hankali. "Komai ruwa ne."

Na yi kuka a madafa ranar. Kirsimeti saura mako biyu, kuma ya kafe sai ya zauna kamar kullum. Na ce zan riƙa taka masa ƙafa, sau ɗaya yaro, sau biyu tsoho. Ya ce bai taɓa satar amsa ba, ba zai fara da tsufa ba.

Ranar Kirsimetin, gida ya cika. Na ɗaure masa ido da ɗankwalin Mama. Na fara da na kwali, don ko jariri zai gane shi. Kowa na ganin kwalin a hannuna. Kawu ya kaɗa, ya shinshina, ya kurɓa.

"Tsoho ne," ya ce. "Na gangar katako. A kawo balangu."

Ni dai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai Malam Salihu, mutumin da ko kwalbar bai taɓa riƙewa ba, ya tafa hannu ya ce, "Kai! Dattijon nan ba dama!" Gida ya ɗauka, mata na guɗa, aka kawo balangu. Babu wanda ya kalli wani.

Da la'asar baƙi suka watse, ina kwashe kofuna, ya ce, "Na kwali ne, ko?"

Na ajiye kofunan.

"Na ji ƙarar kwalin kina matsa shi. Harshe ne ya mutu, kunne na nan. So na yi in ɗanɗana mutanena, in ji ko akwai mai tsami." Ya share ido da bakin ɗankwalin. "Maƙaryata ne dukanku, har da Malam. Ban taɓa shan abu mai daɗinku ba."

Bai kai wata Kirsimetin ba. Na yi kewarsa, har gardamarsa na yi kewa. Ubangiji ya ba ka hutawa, Kawu, ya rufa maka asiri a can kamar yadda ka bar mu muka rufa maka a nan. Amin.