Binnen Baba a Rufin Manfuha

Surukina ya zo mana Riyad da jaka ɗaya, a cikinta akwai almanak ɗinsa da ƙullin irin yakuwa. Irin shi ne na ƙarshe daga bayan ɗakin marigayiya matarsa.

Almanak ɗin littafi ne na Turanci, bangonsa ya yi laushi kamar tsumma. Ni ban iya karanta shi ba, abin da na sani daga bakin Baba na ji. Ya ce a zamanin Turawa duk shekara ake buga shi saboda ma'aikata, a ciki akwai fitowar rana da faɗuwarta, tsayuwar wata, lokutan jirgin ƙasa, da watan da ake sa ran ruwa. Baba yana saurayi ya yi masinja a ofishin wani Bature, da Baturen zai koma gida ya bar masa littafin. Jiragen sun daina tafiya, mutanen ciki sun mutu, amma shafin ruwa ya ci gaba da aiki. A garinsu har zuwa ake yi a tambaye shi ranar binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa a jira sama.

To, a watan Mayu sai ya sa maigidana ya hau masa da bokitan fenti rufin gidanmu a unguwar Manfuha, ya cika su da ƙasa, ya binne irin duka.

Na ce, "Baba, a nan fa sai da sanyi ake ruwa."

Ya ce, "Ke kika buga littafin?"

"A'a, amma ni ke shanya a rufin nan."

Maigidana ya dawo daga tuƙi ya sa baki: "Baba, Baturenka bai taɓa zuwa Saudiyya ba."

"Kai da ka zo, me ka shuka?"

Ruwan famfo kuwa Baba ya hana a zuba, wai na teku ne da aka wanke. Kullum bayan la'asar yakan hau ya dubi gabas. Sama fes, ƙasar bokiti kuwa ba ta taɓuwa don zafi.

Wata rana na ga ya tsaya wajen bututun na'urar sanyaya ɗaki, inda ruwa ke ɗiga a bango. Ya tara hannu, ya ɗanɗana.

"'Yata, wannan daga ina yake fitowa?"

Na ce na ji an ce daga iska.

Ya ce, "Ashe na sama ne. Kawo kwano."

Muka sauko da bokitan zuwa inuwar matakala, muna zuba musu safe da yamma. Yawancin irin ya riga ya gasu. Bokiti ɗaya ne ya tsiro, shi ma jefi-jefi. Baba ya hana a tsinki ko ganye a sa a miya, sai da yakuwar ta yi 'ya'ya ya sami abin ƙullawa ya koma da shi gida.