Gaiwar da na yi kiwo a randar Kaka

Tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba, ina yarinya a wani ƙauye kusa da Dayi, na taɓa kiwon gaiwa. Ku yi dariyarku, jikokina ma dariyar suke yi. Sa'o'ina na kiwon kaji da awaki, ni kuwa kifi na samu.

A tsakiyar damina na tsince ta a wani kududdufi cikin fadamar bayan gari. Tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, ga wasu 'yan gezoji a gefen kanta suna kaɗawa kamar gashin ɗan tsako. Na kawo ta gida a ƙwarya, na nufi tulun ruwan sha zan juye.

"Ke, ja'ira! Ita za ki kashe ko mu?" in ji Kaka, mahaifiyar babana, wadda sana'arta ginin tukwane.

Ita ta ara mini tsohuwar randarta mai faɗin baki. Ta sa na ɗebo laka daga inda na samo kifin, na zuba har ta kai gwiwar hannu. Ruwan ma na fadama, wai na rijiya baƙo ne a wurin gaiwa. Ta kifa tsingaro a ciki don ta sami maɓoya. Muka ja randar gindin tsamiya inda rana ba ta dukanta, muka rufe da faifai, muka ɗora dutse saboda muzurun maƙwabta, ɓarawon banza.

"Bar mata kafa," Kaka ta ce. "Iska take sha kamar ni da ke."

Kullum sai in tono tana in kawo mata. Kaka na gefe tana gini, tana tsokanata wai na fi kula da cikin kifi a kan cikin tsohuwa. Gezojin suka ɓace, gaiwa ta yi tsawo ta yi sulɓi. Wallahi ban sake damina mai daɗin wannan ba.

Da aka gama girbi, Kaka ta hana ni ƙara ruwa. Na yi kuka, na yi bori, ko a jikinta.

"Haka take yi a fadama, yarinya. Za ta shige laka ta naɗe, ta yi ta barci har ruwa ya dawo."

Ruwa ya ƙafe, laka ta bushe ta tsage, sai wata 'yar huda a sama. Kaka ta ce ta nan take numfashi, kada in kuskura in toshe. "Ruwan farko, ni da ke za mu tashe ta."

Kaka ta rasu cikin bazara. Da aka share makoki aka raba kayanta, randar ta faɗa a rabon Goggo, ƙanwar babana da ke aure a unguwar gaba. Ta zo da fartanya za ta ƙanƙare lakar. Na kife a kan randar ina ihu.

"Ikon Allah! Busasshiyar laka kike wa kuka? Abin nan ya mutu tuntuni."

Baba ne ya raba mu. "Bar mata zuwa ruwan farko. In ba komai a ciki, ki ɗauki abarki."

Na yi ta kara kunne a hudar nan, shiru. Har na fara tunanin ko Kaka lallashina kawai ta yi, kuma wannan tunanin ya fi komai yi mini ciwo.

Ruwan farko ya sauka da la'asar. Na ɗauke faifai, randa ta cika. Washegari da hantsi Goggo ta iso da gammonta, ni kuwa ina tsugune ina kallon ruwa mai laka, ba motsi. Har ta miƙa hannu, sai kumfa ya taso. Lakar ta motsa. Gaiwa ta turo kai, a rame, ta buɗe baki ta ja iska.

Na zuba da gudu. "Kaka! Kaka, ta tashi!"

Sai da na ɗaga asabarin ɗakinta na tuna. Ba kowa, ko tabarmarta an naɗe. Ina tsaye a bakin ƙofa Goggo ta zo ta kama hannuna, ita ma hawaye take yi. Gammonta kawai ta ɗauka ta koma gida.